Tafiyar Lekki: mu maimaita baɗi ko mu koma walimar otal?

Sakatare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi an je an dawo lafiya. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: Juma'a da yamma aka haɗu a masauki, Asabar da sassafe muka shiga gandun kare daji na Lekki a Legas, da ke kan titin Lekki zuwa Epe, daura da ofishin kamfanin mai na Chevron, muka wuni a can. Lahadi da hantsi Injiniya ya zaga da mu bakin teku, bayan azahar kowa ya kama gabansa. Kwamiti na son jin ta bakin kowa kafin a rufe lissafin bana. Baɗi mu sake irin wannan, ko mu koma yadda muka saba, a kama ɗakin taro a yi walima? Don Allah a dakata da turo hotunan barka da safiya har a gama maganar.

Alhaji Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Ni tun farko na faɗi nawa, kuma har yanzu ina nan a kai. Shekara guda cur ba mu ga juna ba, sai aka kwashe mu aka kai mu dajin sauro, ana ta ce mana a yi shiru kar tsuntsu ya tashi. To yaushe za a yi zumuncin? Wanda ya taso a ƙauye, ya yi kiwo ya yi farauta, shi za a biya wa kuɗin shiga don ya kalli biri? Birin da muke kora daga gonar gyaɗa da gwafa? A dawo da walima, a ci a sha a gaisa, abin da ya yi saura a kai wa marayun 'yan ajinmu.

Hajiya Ma'aji:
Alhaji, asusun marayu daban yake, ko sisi ba a taɓa ba. Kuma abin da aka kashe bana bai kai na walimar bara ba, tunda ba a kama ɗakin taro ba, ba a ɗauko mai kiɗa ba. Rasit yana wurina ga mai son gani.

Maman Sadik:
Alhaji, ka yi haƙuri, amma ba birinka na gonar gyaɗa ba ne. Namu na arewa jan biri ne mai dogayen ƙafafu, ɗan fili, gudu yake a ƙasa. Sai kirka mai baƙar fuska, sai bika. Wanda ka gani a Lekki sunansa mona, ɗan kurmi ne, rayuwarsa a kan itace. Da ka tsaya ka duba da ka ga bayansa ja-ja ne mai duhu, ƙirjinsa fari, ga fararen tabo biyu a gindin wutsiya, kuma yana da jaka a cikin kumatu inda yake cusa abinci ya haye sama ya ci a natse. Shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare, ina zana wa yara abubuwa a allo waɗanda ni kaina a littafi kawai na san su. Ranar Asabar na ga tukurwa tsaye da ƙafarta cikin ruwa, ba guda biyu ko uku a bakin rafi ba, kurmi guda. Duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon tukurwa ko ya hau tsaninta ya san icen a bushe. Mu nawa ne muka san inda take rayuwa? Ruwan da ke ƙarƙashin hanyar katakon nan da kuke ta cewa datti ne, ba datti ba ne. Ganye ne ke ruɓewa a ciki ya rina shi, kuma a kan wannan ruɓaɓɓen ganyen ƙwari da ƙananan kifaye ke rayuwa, su kuma tsuntsu da kada su rayu a kansu.

Alhaji Mai Albasa:
Malama an fara darasi. Ni abin da na gani, ɗan kurmin naki ya fizge wa Autar Aji ledar cincin a hannu.

Autar Aji:
Yaya Alhaji, ai sai da aka gargaɗe mu a ƙofa kar a riƙe abinci a hannu. Kai kuma da ka ce ba ka ji daɗin tafiyar ba, wa ya fi ka ɗaukar hoto a kan gadar nan da aka rataya a saman itatuwa?

Barista:
Ni matsalata ba sauro ba ce. Jagoran ya ce Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa wurin a 1990, hekta 78, da tallafin kamfanin mai. Kowa ya yi ta gyaɗa kai. Ku tuna me ya faru a 1990 a wannan yankin. A watan Yulin shekarar gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe unguwar talakawa ta Maroko, aka kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, cikin damina. Filin nan yanzu manyan gidaje ne. Shekara ɗaya, yanki ɗaya: biri ya samu shinge da mai gadi, talaka ya samu katafila. Idan za mu kira wannan tafiya ta neman ilimi, to a faɗi wannan ma.

Injiniya:
Barista, maganarka gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗe ta a can. Amma ka duba wa ya ci filin Maroko. Ba biri ba ne. Masu cike fadama da yashi su yanka fuloti ne suka ci shi, kuma da ba a killace hekta 78 ɗin nan ba, su ɗin ne za su cinye ta. Ku da kuka hau gada har ƙololuwa kun ga rufin gidaje ta kowace kusurwa. Yawancin Lekki haka take a da: fadama, kurmin tukurwa, fakon ciyawa a kan yashi, da ƙauyukan masunta. Gandun nan ƙyallen da ya rage ne bayan an yanke bandir ɗin an sayar, da shi kaɗai za ka gane irin yadin.

Ga abin da ya shafi aikina. Ƙasar Lekki shimfiɗaɗɗiya ce, tsakaninta da matakin teku ba wata tazara. Idan aka yi ruwan Yuni da Yuli, fadama ce ke karɓarsa ta riƙe, ta riƙa sakinsa a hankali zuwa tafkin Legas. Ka cike ta, ka shafe da siminti, ruwan bai fasa zuwa ba, masaukinsa kawai ka ɗauke. Sai ya sauka a falon mutane. Wanda yake Legas a Yulin 2017 ya ga yadda motoci suka nutse a Lekki da Victoria Island, kuma tun daga nan kusan kowace damina sai an taɓa.

Barista:
Na karɓi rabin maganar. Sauran rabin kuwa, wanda aka kora bai ga amfanin fadamar ba, bai ga na gidan ba.

Injiniya:
Haka ne. Ban ce an yi masa adalci ba.

Dakta Tsuntsu:
Injiniya, don Allah ka maimaita bayanin yashin nan na ranar Lahadi. Rabin mutane suna can suna sayen kwakwa lokacin da ka yi shi.

Injiniya:
To. Igiyar ruwa a gaɓarmu ba ta bugowa kai tsaye, a karkace take zuwa daga kudu maso yamma. Saboda haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, daga wajen Gana, ta Togo da Binin, har Legas. Muddin abin da ya tafi gabas ana mayar da madadinsa daga yamma, gaɓa tana nan inda take. Wajen 1908 Turawa suka fara miƙa katangun dutse cikin teku a bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas, don kar yashi ya riƙa toshe hanya. Jirage sun samu hanya. Amma yashin da ke tahowa sai ya tsaya a bayan katangar yamma, wajen Tarkwa Bay, gaɓar can ta yi ta faɗi. Ta gabas kuwa, Bar Beach, ana ɗiba ba a zubawa. Shekara da shekaru gwamnati na zuba yashi teku na kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Daga baya aka cike wurin aka yi sabon birnin Eko Atlantic, aka kare shi da doguwar katangar dutse. Yanzu cin gaɓar ya fi tsanani ta gabas, wajen Alpha Beach da Okun Alfa, inda kuka ga kututturan kwakwa a cikin ruwa da ragowar gine-gine. Mazauna wurin suna ɗora laifin a kan sabon birnin, masu aikin suna musantawa. Gwamnatin jiha ta jera duwatsu masu shiga teku don su tare yashi, su ne muka zauna a kai. Suna taimakon inda suke, amma abin da suka tare na maƙwabcin gabas ne. A Agustan 2012 igiya ta afka wa bakin tekun Kuramo da dare aka rasa rayuka, kuma masu kwana a bukkokin bakin ruwa ne abin ya ci.

Autar Aji:
Tambaya, kar a yi mini dariya. Ruwan Kubanni da muke tsallakawa a Samaru, yana zuwa tekun da muka gani?

Injiniya:
Yana zuwa teku, ƙanwata, amma ba ta Legas ba. Kubanni ta faɗa Galma, Galma ta faɗa kogin Kaduna, Kaduna ta faɗa Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja su fita ta Neja Delta. Can gabas da Legas ne, kuma yashi gabas yake tafiya, don haka ƙasar Zazzau ba ta isa Lekki. Ruwan Kano kuwa ko tekun ba ya gani: kogin Kano da Challawa su zama kogin Haɗeja, su bi ta Yobe su nufi tafkin Chadi.

Alhaji Mai Albasa:
Ka ji Bazazzagi. Ko a maganar ruwa sai ya nuna nasu ya fi na Kano tafiya.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, taswira ce ta faɗa, ba ni ba.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Nima, a Accra ta ƙasar Gana. Ban samu zuwa ba amma ina biye da ku. Abin da Injiniya ya faɗa, farkon zaren a wurinmu yake. Kogin Volta ne ke kawo yashi mai yawa bakin teku. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yashin ya riƙa kwantawa a bayan madatsa. Ku je Keta ku gani, teku ta ci tituna da gidaje, ta ci wani ɓangare na tsohuwar ganuwar Turawan Denmak. Sannan tashar jiragen ruwa ta Lome da ta Kwatano kowacce ta tare nata. Kafin ya iso muku an riga an yi masa zakka sau uku. Maganar gada kuma, taku mita 401 ce, na yarda ta ɗara tamu ta Kakum tsawo, amma tamu ta fi nisa da ƙasa. Idan kuna son ganin abin mamaki ku zo Ada wajen ƙarshen shekara, ku kwana bakin ruwa ku ga kunkurun teku ta fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai. Jami'an kula da namun daji ne ke raka mutane, kuma ba a haska mata fitila.

Ɗan Gashuwa:
Na yi shiru ne ina sauraro, amma abin yana cina. Mun ɗauki kuɗi mun je mun kalli hekta 78, wurin da bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. Yankari kaɗai ta haura murabba'in kilomita 2,000. Bar ta Yankari ma. Mu nawa ne a nan suka taɓa taka fadamar Haɗeja da Nguru? Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa cikin jerin Ramsar na dausayin duniya, a 2000. Dagona tana nan a ƙasar Bade, har mijin Sarauniyar Ingila ya zo kallon tsuntsaye a 1989. Bature ya taso daga Landan ya zo, ɗan Kano bai san hanya ba.

Kuma idan darasi ake nema, namu ya fi zafi. An gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992. Kafin nan ambaliya na zuwa da ƙarfi a damina ta malale fadama, ta janye da rani. Manomi ya yi shinkafa, in ruwa ya ja ya bi danshi ya shuka wake, masunci ya kama kifi, Bafulatani ya shigo da shanu bayan girbi. Wuri ɗaya, abinci uku. Da madatsun suka zo, babbar ambaliyar ta ragu, sai ɗan ruwa da ake saki duk shekara ba yankewa. Abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe, jan baki ya samu maɓoya yana fitowa yana cinye gero da shinkafa. Wannan ba labarin Legas ba ne, abincin da ke shiga Dawanau ne.

Alhaji Mai Albasa:
Yawwa, yanzu na ji magana. Wannan ta shafi buhu.

Maman Sadik:
Alhaji, ai maganar ɗaya ce da ta Injiniya. An tare abu a sama, na ƙasa ya ji a jikinsa. Can yashi, nan ruwa. Ka ƙi ta a Lekki ka karɓe ta a Gashuwa.

Dakta Tsuntsu:
Ɗan Gashuwa, ina bayanka, amma kar a mayar da abin kishiya. NCF ɗin da ke riƙe da Lekki tana cikin waɗanda suka fara aikin kare dausayin Haɗeja da Nguru tun 1987. Kuma tsuntsaye ba su san wannan rabon namu na kudu da arewa ba. Ƙananan nan masu dogon baki da na nuna muku suna bin bakin igiya suna caccakar yashi, a can arewacin Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. Sanyi na shigowa su taso. Wasu su biyo gaɓar teku ta Muritaniya da Senigal har su iso nan, wasu su keto Sahara kai tsaye, kuma ruwan farko da suke tararwa bayan hamada shi ne irin su Nguru da tafkin Chadi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu agwagin Turai na cika Dagona, suna cuɗanya da kirinjijiya da ɗinya 'yan gida. Shamuwa kuwa tata tafiyar a cikin Afirka take yi: tana zuwa mana da farkon damina ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiyar cikin gari, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu har ta haye can ƙasashen kudancin nahiyar, inda damina ke farawa a lokacin.

Abin da ya sa na dage a fita da asuba ke nan. Tsuntsu da sanyin safiya yake kiwo da kuka. Waɗanda suka tsaya shan shayi suka shigo da rana tsaka, ga hayaniyar 'yan yawon buɗe ido, dole su ce ba su ga komai ba sai biri da ɗawisu.

Bari in yi tambaya ɗaya. Yaushe rabon wani a nan da ya ga ungulu a kwata? Muna yara, mahauta har korar su suke. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, ana kuma kama su ana sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu. Gauraka ma, da ake kira tsuntsuwar ƙasa, yanzu sai dai a gidan wani mai kuɗi an yanke mata fiffike.

Hajiya Ma'aji:
Wallahi Dakta sai da ka faɗa na lura. Kwatar unguwarmu ba ko ɗaya, sai hankaki da karnuka.

Ustaz:
Assalamu alaikum. Abu biyu. Na farko, masu ganin killace daji al'adar Turawa ce su sani Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin kiwo a Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ma ya keɓe a Rabaza. Mu ma nan muna da hurumi da burtali da makiyaya, sarakuna na tsare su. Wa ya cinye su? Mu ne, da takardar fuloti. Na biyu, gyara ne ga kwamitinmu. Ranar Asabar azahar ta same mu a tsakiyar hanyar katako, ba a tsara inda za a tsaya ba, har ta kusa haɗuwa da la'asar. In za a sake, a gina jadawalin a kan lokutan salla, a tanadi ruwan alwala a mota.

Sakatare:
An rubuta, Allah ya gafarta Malam.

Ustaz:
Sannan Injiniya, da ka ce cikar teku na bin wata, ina son ƙarin bayani, don mu masu duban wata abin ya shafe mu.

Injiniya:
Jan da wata ke yi wa ruwa ne ke sa teku ta cika ta janye, sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Rana ma tana ja, amma nata bai kai na wata ba. Idan suka daidaita a layi ɗaya, wato lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa abin ya lafa. Masunta da kalandar Musulunci a ka suke aiki ko da ba su kira ta haka ba. A Legas bambancin bai cika wuce mita ɗaya ba, amma a ƙasa mai kwanciya irin wannan, in babbar cika ta haɗu da ruwan sama, magudanai ba su da inda za su zubar.

Maman Sadik:
In ƙara a kan wannan. Tafkin Legas ba ruwan daɗi ba ne zalla, ba na gishiri ba ne zalla. Da damina kogin Ogun da sauransu su cika shi da ruwan daɗi, da rani teku ta turo gishiri ta mashiga. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa tana hana kwalekwale wucewa a Ikorodu, asalinta Kudancin Amurka, ta shigo ta wajen Badagry a 1984. Ba ta jure gishiri, shi ya sa take cika tafki a ƙarshen damina, rani na tsananta ta mutu da kanta. Itatuwan mangurof kuwa, masu saiwoyi a waje da muka hango a gefen tafki, su wannan gaurayen suke so, kuma a cikin saiwoyinsu kifi da jatan lande ke renon 'ya'ya. A sare su, kifin kasuwa ya ragu.

Barista:
Duk na ji. Amma ku lura, abin da kuke faɗa yanzu a waya ya fi abin da akasarinmu suka ji a can. Gaskiyar magana, kashi biyu muka rabu. Wasu na bayan Dakta da Malama da littafin rubutu, wasu na layin hawa gada suna gyara hula. Idan ilimin a nan za a ba da shi, me ya kai mu?

Maman Sadik:
Barista, da ba ka ga kututturan kwakwar nan a cikin ruwa ba, da bayanin Injiniya ya wuce ka kamar sauran dogayen saƙonnin da ake turowa nan ba ka buɗewa. Gani ya kori ji. Inda na yarda da kai, tsarin ne bai yi ba. Mun yi yawa a bayan mutum ɗaya, hanyar katakon kuma siririya ce, na baya ba ya jin na gaba. A raba mu rukuni-rukuni, kowanne da mai bayani, a bar gada sai ƙarshe. A kuma yi zaman dare ɗaya kafin shiga, a faɗa wa mutane abin da za su nema da ido.

Autar Aji:
A kuma faɗa wa mata tun daga gida su zo da takalmi mai rufi. Gadar nan lilo take, ga raga ta ko'ina, wasu da doguwar abaya da takalmi mai tsini suka zo. Kuma ba a barin ƙananan yara su hau, Sadik ya sha kuka.

Hajiya Ma'aji:
Ni abin da ya tsaya mini a rai bakin tekun ne. Robar ruwa, leda, takalma, farin kwanon cin abincin nan da jihar Legas ta haramta a farkon 2024, duk teku ta amayo su. Mun tsince abin da ya samu, amma kafin mu tafi igiya ta kawo wasu.

Injiniya:
Yawancinsu daga kwatocin cikin gari suke, su bi tafki su fita teku, igiya ta dawo da su. Tunda an zo nan, gargaɗi ga masu cewa baɗi za su yi wanka. Tekun Legas na da jan ruwa mai komawa ciki ta siririyar hanya, kuma sau da yawa inda ya fi kama da kwanciyar hankali nan ne yake. Gwanin iyo a Tiga ko Kwara ba gwani ba ne a nan. In ya ɗauke ka kar ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga hanyarsa. Wanda bai iya ba kuma, iya idon sawu ya ishe shi.

Alhaji Mai Albasa:
To ni ga matsayata ta ƙarshe. Lekki kam na gani, ba sai na koma ba. In Nguru za a je, zan bayar da mota ɗaya da man ta, don ina son in ga kacallar nan da idona, ina da masu kawo mini kaya daga wajen. Amma da sharaɗi: daren Asabar a yanka rago a zauna a yi hira har dare ya raba, ba mai cewa a yi shiru.

Dakta Tsuntsu:
Na yarda, in dai asubar Lahadi tawa ce.

Ɗan Zango:
Ada fa? Kun share ni.

Barista:
Sai ka fara biyan kuɗin ƙungiya na shekara biyu da ake binka.

Ɗan Gashuwa:
In Nguru ce, a sa ta a Janairu, lokacin tsuntsayen sun cika kuma hanya ta bushe. A zo da rigar sanyi, hunturun can ba wasa. Masauki a Gashuwa ko Nguru zan bincika, kwalekwale kuma sai an yi magana da masunta tun da wuri. Kafin a tsayar da rana zan tuntuɓi jami'an gandun da masu gari a kan halin hanya da tsaro.

Injiniya:
Ni ina ganin a riƙa juyawa, shekara ɗaya ruwan arewa, shekara ɗaya bakin teku. 'Yan reshen Legas da yawa ba za su iya doguwar tafiya kowace shekara ba.

Sakatare:
To, zaɓi uku ke nan: Nguru a Janairu, komawa bakin teku da gyararren tsari, ko walima. Zan saka ƙuri'a yau bayan isha'i, a rufe ta Juma'a. Ɗan Gashuwa, ka turo mini abin da ka samo kafin Laraba don mutane su san abin da suke zaɓa. Hajiya, ki fitar da sunayen waɗanda ake bi bashi, wanda bai biya ba ba ya jefa ƙuri'a.

Hajiya Ma'aji:
Suna nan tafe. Mutum goma sha ɗaya ne, kuma biyu daga ciki 'yan kwamiti ne.